Mai kifin tekun da ya ƙi sayar mini da rabin abin da na nema

Duk mai niyyar kafa tankin ruwan gishiri mai murjani a nan Damagaram, kafin ya tambayi kuɗin kifi ya fara neman wanda zai gaya masa wane kifi ke zama da wane. Ni ta hannun wani ɗan kasuwa a Kano na bi, kayansa daga Legas suke zuwa, cinikin kuma duk ta WhatsApp muka yi. Na gamsu da shi, amma da sauran magana.

Tankina lita 200 ne. Da na aika masa hotunan kifayen da nake so, bai ce mini ko nawa ba. Tambaya ya shiga yi: yaushe na zuba ruwa, duwatsun sun kama, gishirin nawa ne? Ya ce sai tanki ya yi sati 4 zuwa 6 ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi sun zauna, awon gishiri ya tsaya a 1.025, kafin a sa mai rai. Daga nan ya bi jerin yana sokewa. Shuɗin kifin nan mai wutsiya rawaya da ake kira tang yana kai santimita 30, tankina ya yi masa kaɗan. Kifin zaki mai ƙayoyi yana haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa, har jatan lande. Kifin malam-buɗe-littafi, yawancinsu murjanin suke tsattsaga. Damsel kuwa, ga araha ga juriya, amma in ya riga kowa shiga sai ya mai da tankin gidan gado. "Alhaji, in na sayar maka da waɗannan tare, kuɗinka ne za su cinye juna," in ji shi.

Abin da ya haɗa mini kaɗan ne, kuma bi da bi. Da farko masu shara: katantanwa irin trochus da ƴan ƙananan ƙaguwa masu shiga bawon katantanwa, tare da bawo na banza da yawa, don in ƙaguwa ta rasa gida katantanwar take kashewa ta gaje nata. Bayansu kifin ocellaris biyu, masu ruwan goro da farar ɗamara uku. Da gangan ya zaɓo babba da ƙarami, domin irin wannan kifin babban ne ke komawa mace, ƙaramin ya zauna namiji, in girmansu ɗaya faɗa ba ya ƙarewa da wuri.

Wanda ya fi shiga raina shi ne kifin gobi rawaya da jatan landensa mai haƙa. Jatan landen ba ya gani sosai, shi ke tura yashi daga rami kamar mai yasar rijiya, gobin na bakin ƙofa yana gadi. Kullum gashin bakin jatan landen ɗaya na kan jikin gobin. Da gobin ya kaɗa wutsiya sai su faɗa ramin tare. Yarana sukan durƙusa gaban gilashin bayan magariba don wannan kaɗai.

Ya hana ni animon, wato wani mai rai na teku mai kama da fure da ocellaris ke fakewa a cikinsa, ya ce sai tanki ya haura wata 6, kuma ocellaris na rayuwa lafiya ba shi. Ya kuma ja mini kunne kan maganin kifi mai tagulla a ciki: yana kashe jatan lande da katantanwa da murjani, don haka kifi marar lafiya a wani ƙaramin tanki daban ake yi masa magani.

Inda ya gaza shi ne yanayinmu. Waɗannan halittu digiri 24 zuwa 26 suke so, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi na wuce 40. Bai tada maganar ba sai da na tambaya, amsarsa kuma fanka ce a kan ruwa. Fanka na taimakawa, amma ruwa na ƙafewa da sauri, gishiri ya hau, katantanwa da jatan lande ne farkon wahala. Dole a riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri kowace rana, ɗakin ya kasance da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, da batir ko sola saboda famfon ruwa in wuta ta ɗauke. Da sanyin hunturu kuma sai an sa na'urar ɗumama ruwa. Wanda ke sayarwa har Zinder ya kamata ya faɗi wannan tun farko.

Kayan sun iso cikin leda mai iska a kwalin soso, katantanwa ɗaya ta mutu a hanya, ya mayar mini da kuɗinta ba gardama. Zan sake saye wurinsa, amma na riga na gaya masa sai damina ta sauka, murjani mai laushi kawai zan fara da shi.