GARGAƊI: masu haƙar zinari ku yi hattara da mai sayar da "ruwan kama zinari"

Salamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwa na yankin Anka, Bukkuyum da Maru. Akwai wani mutum da ke yawo wuraren wankin zinari da jarkoki a bayan mota, wai ya kawo ayonik likwid daga Jamus, ruwan da zai kama zinari ba sai da makuri (zaiba) ba, wai kuma ba ya cutarwa ko kaɗan. Sai ya ce a ba shi rabin kuɗi ta taransifa a matsayin kafin alƙalami, ya bar maka jarka guda ka gwada, daga nan lambar shi ta daina shiga.

Ƙanena ya faɗa hannun shi, ya kawo min abin a gorar ruwa in duba tunda kemistiri na karanta. Ina buɗe murfin warin tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, ya doki hancina, na ɗiga kaɗan a faranti na ajiye a rana, kafin in gama alwala ya bushe ƙarmas. To anan ƙaryar ta ƙare wallahi, domin shi ayonik likwid na gaskiya gishiri ne da ke zama ruwa a zafin da bai kai digiri 100 ba, kuma babban abin da aka san shi da shi shi ne kusan ba ya tashi sama ya bi iska, shi ya sa ma masana suke son shi a madadin irin su tina da asiton masu ƙafewa da kama wuta. Yawancinsu kauri gare su kamar man ja. Nashi kuwa tsululu ne.

Ayonik likwid ba sabon abu ba ne fa, tun 1914 wani masanin kemistiri Paul Walden ya haɗa wanda ke narkewa a digiri 12, kamfanin BASF na Jamus ma ya fara aiki da shi a masana'anta tun 2002, wasu ire-iren har audugar da ruwa ba ya narkarwa suna narkar da ita. Ana binciken ciro zinari da su daga tsoffin kayan lantarki, amma aikin ɗakin gwaji ne, kuma tsada gare su, a ƴan ƙananan kwalabe ake sayen su gram gram da takardar bayani. Wa zai cika maka jarka a kuɗin buhun gero?

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne cewar da mutumin yake yi ba ya cutarwa, har yana wanke hannu da shi gaban mutane. Ko na gaskiyar ma wasu guba ne ga kifi da sauran halittun ruwa, wani in ya haɗu da ruwa asid mai haɗari yake fitarwa, balle wannan da ba a san me ya dama a ciki ba. Mu da gubar dalma ta kashe mana yara sama da 400 a 2010, har yau mutanen Bagega ba su manta ba, a zo kuma a ba mu wani ruwan da za a zubar kusa da rijiya?

Duk wanda ya riga ya saya don Allah kar ya kai shi cikin gida, kar a ajiye kusa da murhu, kar a zubar a gulbi. In mai sayarwar ya sake zuwa ku ce ya nuna cikakken sunan sinadarin da takardar kamfanin da ya yi shi, ku ɗauki lambar motar ku kai wa mai gari da 'yan sanda. Ku tura wa na daji da ba su da data.