Ƙasar da mai gyara ke ƙin karɓar kuɗinka

A yawancin filayen ƙanƙara na ƙasar Cek akwai wani ɗan ɗaki a lungu, bai fi shagon mai cajin waya girma ba, inda ake wasa wuƙar da ke ƙasan takalmin ƙanƙara ana gyaran kayan 'yan hoki, wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara. A irin wannan ɗakin wani uba ya shigo da ɗansa da bai wuce shekara tara ba, riƙe da hular kwanon gola ta hannu da ya sayo da araha, yana so a ɗaure masa kusoshinta. Mai gyaran ya jujjuya ta, ya ɗaga soson ciki ta wajen goshi, ya haska tocila. Sai ga tsagewa siririya kamar silin gashi. Ya miƙa masa abarsa ya ce ba zai taɓa ba. Uban ya ce zai biya ko nawa ne. Mutumin ya girgiza kai ya koma kan injinsa, ba sannu, ba Allah ya sawwaƙe, ko ɗaga ido bai ƙara yi ba.

Da a gida ne kun san yadda za ta kaya. A ɗiga gam, a barbaɗa toka, a hura, a ce "Alhaji je ka, yanzu ma ta fi sabuwa ƙarfi." Kowa ya rabu da kowa cikin fara'a. To nan fara'ar ce babu, kuma rashin nata yana da ciwo, amma ku ji abin da hular nan take tarewa.

Abin da ake bugawa a hokin ƙanƙara ba ƙwallo ba ne. Wani curin roba ne mai tauri, faifai, suna ce masa puk. Faɗinsa santimita 7.6, kaurinsa 2.5, nauyinsa tsakanin giram 156 da 170, kuma a firiza ake ajiye shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Manyan 'yan wasa suna harba shi da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Ragar kuwa ƙarama ce, faɗi santimita 183, tsayi 122, sai gola ya tsaya a bakinta ya tare da duk inda Allah ya ba shi, har da goshi. Hula mai tsagewa tana ɗaukar bugu ɗaya, biyu, a na uku ta buɗe. Shi ya sa mai gyara ba ya ciniki a kanta.

Mutanen nan suna da dalilin ɗaukar gola da muhimmanci, kuma sunan dalilin Dominik Hashek. An haife shi a 1965 a Pardubice, gari ne da ke gabas da Firag, babban birnin ƙasar, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa ranar da mahaifinsa ya kai shi gwaji ko takalmin kirki ba shi da shi, wuƙaƙe ne irin waɗanda ake ɗaure wa takalmin gida a ƙasa. Yana da tsayi, manyan yara ba su da gola, aka tura shi raga. Yana shekara 16 ya fara tsare wa garinsu raga a babbar gasar Cekoslobakiya, ƙasar da Cek take ciki a lokacin. Kulob ɗin Shikago na Amurka ya zaɓe shi a 1983 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, na 199 a jeri, amma lokacin gurguzu ne, ba a fita yadda aka ga dama. Ya ci kofin ƙasa da Pardubice a 1987 da 1989, ya yi aikin soja a kulob ɗin sojoji na Dukla Jihlava, sai a 1990 ya tsallaka Amurka.

Can ma ba shimfiɗa aka yi masa ba. Shikago suna da golansu, Ed Belfour, shi kuma aka riƙa jefa shi ƙaramar gasa a Indianapolis. Salon nasa ma bai kwanta wa masu horarwa ba: ya kwanta rigingine, ya mirgina, ya yar da sanda ya damƙe puk da hannu, ya sa kai. A 1992 suka sallama shi ga Buffalo, kuma a nan ya zama abin da ya zama. Sau 6 yana karɓar kyautar Vezina ta golan da ya fi kowa a gasar NHL, tsakanin 1994 da 2001. A 1997 da 1998 ya karɓi kyautar Hart ta ɗan wasan da ya fi kowa daraja, kuma a jere, abin da wani gola bai taɓa yi ba. Akwai wasan 1994 da New Jersey da aka yi ƙarin lokaci har sau huɗu, ya tare harbi 70 ba ko ɗaya da ya wuce.

Amma idan kana so tsohon Baceke ya saki fuska, ce masa Nagano. A gasar Olamfik ta 1998 a Japan, 'yan Cek da Hashek a raga sun haɗu da Kanada a wasan kusa da na ƙarshe, aka tashi kunnen doki aka je bugun raba gardama, 'yan Kanada biyar suka zo ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya zura. A wasan ƙarshe suka doke Rasha 1 da nema, Petr Svoboda ne ya ci. Daga baya Hashek ya ɗauki kofin Stanley, na zakarun NHL, da Detroit a 2002 da 2008. Ya dawo garinsu ya sake cin kofin ƙasa da Pardubice a 2010 yana shekara 45, ya ƙara kaka ɗaya a Spartak ta Mosko. Lissafa da kyau, shekara talatin ke nan mutum yana zubewa a kan gwiwa bisa ƙanƙara.

Baiwa tana nan, ba wanda ya musa. Sai dai baiwa kaɗai ba ta kai gwiwa shekara 45, kuma a nan ne ɗan ɗakin nan na lungu ya shigo. Ɗauki wuƙar takalmi. Mu idan aka ce wasa wuƙa, baki ɗaya muka sani, irin na mahauta. Ta takalmin ƙanƙara baki biyu gare ta, da ɗan kwari a tsakani da dutsen injin yake rarakewa. Zurfin kwarin da lamba ake faɗinsa, a milimita, kuma ƙaramar lamba ita ce mai zurfi. 'Yan wasan fili da yawa suna neman wajen 13. Golan da, masu tsayuwa suna jan ƙafa gefe, sun fi son mara zurfi, 20 ko fiye, su kuwa na yanzu masu zubewa su tunkuɗa da ƙafa ɗaya suna son mai cizo. Kai ne za ka faɗi lambarka, idan ba ka sani ba a tambaye ka nauyinka da yadda kake tsayawa. In an gama sai a kifa takalmin a ɗora ma'auni a kan wuƙar. Idan baki ɗaya ya fi ɗaya tudu ko da kaɗan ne, gola zai tunkuɗa dama lafiya, ya zo hagu ƙafa ta zame, kuma irin wannan zamewar ce take yaga naman matsematsi. Idan mai wasawa ya danna da ƙarfi ƙarfen ya yi zafi ya canja launi, ya lalata shi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Duk aikin minti biyar ne, kuɗinsa bai kai na abincin rana ba.

Haka matasan ƙafa, waɗanda suke kira betoni, wato kankare. Ba a cewa a saya wa yaro babba zai girma a ciki, yadda muke yi da rigar sallah. Ana aunawa daga idon sawu zuwa tsakiyar gwiwa, saboda akwai wani matashi a ciki da dole gwiwa ta sauka a kansa. Idan ya yi tsawo, gwiwa ta sauka a gefe ta daki ƙanƙara. A manyan gasanni faɗin kowanne ba ya wuce santimita 28, kuma ana aunawa. Sai safar cafewa a hannu ɗaya, allon karewa a ɗayan, sulken ƙirji, wando mai soso, abin kare wuya. Gaba ɗaya wajen kilo 20. Sababbi na babban mutum kuɗinsu dubban kurona ne masu yawa, wato kuɗin ƙasar, shi ya sa kulob da dama suke ara wa ƙananan yara, in yaro ya girma ya maido a ba na baya. Kuma suna maidowa. Wannan kam ban san ta inda za a fara bayaninsa a unguwarmu ba.

Kada ku ɗauka komai zuma ne. Ɗakin gyaran nan yana da lokacinsa a manne a ƙofa, kuma minti ɗaya ya wuce ko kana kuka ba a buɗewa. Ba wanda za ka kira ka ce don Allah, ba yaron shago da zai lallaɓo. Ba a taya farashi, ba a gyara ciniki, ba bashi, ka shekara kana zuwa ba za a tambaye ka iyali ba. Wasu ranakun hutu doka ce ma take rufe manyan kantuna. Cikin filin sanyi ne mai shiga ƙashi, abin da ake sayarwa kuma yawanci giya ce da tsiran alade, Musulmi sai ya haɗa da shayi da dankali. A lokacin ne mutum yake tuna ƙofar filin Sani Abaca ranar wasan Pillars, da hayaƙin tsire, da mai rake, da wanda bai san ka ba amma ya matsa maka wuri. Ga warin kayan gola, wanda sai an baje su ɗaya bayan ɗaya sun bushe bayan kowane wasa, in ba haka ba gumi ya cinye kusoshin hula, soso ya ruɓe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rubutu. A gasannin nan ana ƙirga harbin da aka yi wa gola da wanda ya tare, wasa bayan wasa. Shi ya sa yau za ka iya sanin cewa Hashek ya tare kashi 92.2 cikin ɗari na harbin da aka yi masa a NHL, ya ci wasa 389, sau 81 ba a zura masa ko ɗaya ba. Mu fa? Golanmu yakan zama yaron da ba a zaɓa ba, ko mai ƙiba, ko wanda ya makara. Safarsa ta gwanjo ce, sau da yawa ba ta yi masa daidai ba, yana faɗuwa a kan tsakuwa da gajeren wando, ba wanda ya ware masa mai koyarwa. In ya goce yatsa a kai shi wajen mai ɗori, a ce bayan sati ya dawo. In ya yi fice a ce "ai wane gola ne," shi ke nan shaidar. Nan kuwa kulob da ya san kansa yana da mai horar da gola daban, kuma ana ware musu lokacinsu a kan ƙanƙara.

Ba hannu muka rasa ba. Mai ɗinkin takalmi na bakin kasuwa zai farke maka but ya mayar da shi sabo da basilla da zare kawai, aikin da nan ba kowa zai iya ba, wanda ya iya kuma sai ka jira sati biyu. Abin da ba mu iya ba shi ne kallon idon mai kuɗi a ce masa wannan ba ta gyaruwa.

Shi dai uban nan bai tafi hannu rabbana ba. Da zai fita, mai gyaran ya ɗauko tef ya zagaye kan yaron ta saman gira, ya rubuta lambar a bayan wata tsohuwar rasit ya miƙa masa. Ko sisi bai karɓa ba, kuma har suka fita bai yi murmushi ba.