Zani ko siket ga Inna: wanne zai kai ta shekara?

'Yar uwarmu da ke aure a Kano ta kawo tambaya a kan mahaifiyarta, wadda ke zaune a wani ƙauye a gefen Ringim. Ta ce Inna ta haura sittin da biyar, yatsunta sun soma ciwo, ɗaurin zani ba ya kama mata kamar da, har sau biyu yana kwance mata a cikin mutane. Tana so ta ɗinka mata siket, Inna kuma ta ce ita ba za ta sa kayan 'yan mata ba. To wanne ya fi, kuma wanne zai ɗauke ta a zafi da ruwa da sanyi?

'Yar uwa, ni ɗinki nake yi a gida a ƙasar Wudil, kuma rabin masu kawo min aiki sa'o'in Innarki ne. Shawarata ita ce kada ki raba ta da zani. Ki ƙara mata siket biyu a kan zannuwanta, amma ba irin wanda take gudu ba.

Abin da Inna take kira siket shi ne wanda take gani a jikin jikokinta ranar biki: mai fis shida, ya kama cinya, ya buɗe a ƙasa kamar wutsiyar kifi, ga zif a baya. In wannan ne, gaskiyarta. Na taɓa yin wannan wautar da goggona. Na zage na yi mata shi da atamfa mai kyau don bikin jikarta, ina jiran yabo. Da aka shimfiɗa tabarma ta zo zama sai ta tsaya tana juye-juye kamar mai neman allura, ta kasa naɗe ƙafa, ta kasa miƙewa, sai da aka nemo mata kujera. La'asar na yi ta shige ɗaki ta ɗauro tsohon zaninta ta yi salla. Washegari na ga siket ɗin a jikin wata yarinya. Laifina ne, don a tsaye na auna ta, alhali rayuwar tsohuwa a ƙauye rabinta a ƙasa take: zaman tahiya, tsugunon alwala, kujera 'yar tsuguno a bakin murhu, shiga bayi.

Duk rigimar zani da siket a ƙugu take. Zani ba shi da awo. Ta ci tuwo ta ƙoshi, ta sassauta. Azumi ko jinya ya rage ta, ta ƙara ja. Siket kuwa yadda tela ya yanka shi haka zai zauna, jikin tsufa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Amma zani yana neman ƙarfin yatsu, a ja a soke, abin da Innarki ta soma rasawa ke nan. Sannan akwai wani lissafi da mutane ba sa yi. Turmin atamfa yadi shida ne, falle uku, kowane falle yadi biyu, wato inci 72. Mace mai kewayen ƙugu inci 44 tana da rarar inci 28 da zai hau kan ɗan uwansa, ya rufe ta ruf. Wadda ta kai inci 52 kuwa rarar inci 20 kawai gare ta, tana zama ya buɗe. Sau da yawa zanin da ake cewa ba ya ɗauruwa ƙaranci ya yi, ƙarin rabin yadi ya ishe shi.

A ɓangaren siket, zif ki manta da shi. Saura roba da zariya. Siririyar roba tana cin fata, ta bar shata, kuma rana da ruwan zafi suna kashe ta da wuri, ki ga siket yana zamewa. Zariya irin ta wandon maza ba ta mutuwa, sai dai ita ma ɗauri take so. Abin da nake yi wa tsofaffina shi ne faffaɗar roba mai inci ɗaya da rabi a baya, zariya a gaba. Roba ta riƙe, zariya ta daidaita, ko ɗaurin bai yi ƙarfi ba babu abin da zai faɗi.

A bazara zani ne sarki, ba na ma jayayya. Daga Maris zuwa Mayu, musamman Afrilu da zafi kan haura digiri 40, duk abin da ya zagaye ƙugu ya matse azaba ne. Gumi yana taruwa a ƙarƙashin roba, ƙurajen zafi su feso, fata ta saɓule, mai ciwon suga kuwa ƙaramin rauni ma ba ya warke mata da wuri. Zani sai ta sassauta shi, ko ta yi ɗaurin ƙirji a tsakar gida, in dare ya ƙi sanyi ta yayyafa masa ruwa ta lulluɓa. Siket ba ya ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai dai zanin ma sai na auduga. Tun da masaƙun Kano da Kaduna suka durƙushe, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ma ta rufe a 2007, yawancin atamfa mai sauƙin kuɗi da ke Kantin Kwari daga Sin take zuwa, kuma da yawa a cikinta roba ce aka yi wa zanen atamfa. Ido ba ya rabewa, wuta ce ke rabewa. Ki zare ɗan zare daga bakin yadin ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana ƙanƙancewa, ta yi warin leda, ta dunƙule ta yi tauri. Kuma ko kin sayi auduga tsantsa, in tela ya sa wa siket shafi mai santsin nan, aikin banza ne, don shafin roba ne, shi ke taɓa fata. Ki ce masa kar ya sa, ta sa fatarinta na auduga a ciki. Leshi da shadda mai sitati a bar su sai ranar Salla.

Damina ce ta raba gardama biyu. Wajen wanki zani ya yi gaba: shimfiɗa ɗaya ne, rana ta ɗan leƙo ya bushe. Siket mai tattara kuwa, a markar Agusta sai ya kwana biyu a igiya ƙugunsa da danshi, in aka ninke shi haka a akwati ya yi fumfuna da wari. Amma wajen tafiya siket ya fi. Mai zani a cikin taɓo hannunta ɗaya yana kan zanin, tana tattarewa. Tsohuwa kuma hannayenta biyu take bukata, ɗaya ga sanda ɗaya ga bango. A nan ƙasar ma tana da magana. Wajen Gumel da Maigatari rairayi ne, ruwa na ɗaukewa ƙasa ta shanye. Ku kuwa Ringim zuwa Auyo da Hadeja bakin kogi ne, wurin fadama laka ce mai santsi kamar an zuba karkashi. Faɗuwar tsohuwa ba irin ta yaro ba ce, ƙashin ƙugu in ya karye wata ba ta sake tashi. Don haka tsawon siket ɗin damina ya tsaya daidai idon sawu, kar ya share ƙasa. Faɗin atamfa yakan kai inci 46 zuwa 48, ya fi tsawon ƙafar yawancin iyayenmu, shi ya sa suke naɗe saman zani. In naɗin ya warware, shi ne ake takawa a faɗi. Siket an yanke wannan rarar tun a keke.

Kaka ba ta da dogon zance. Lokacin sussuka da shiƙa da ɓarar gyaɗa ne, ga ƙaiƙayi ga ƙarangiya. Tsohon zanin atamfa da ya sha wanki, a karkaɗe shi a wuce. Duk yadi mai gashi-gashi ko mai huda-huda, ƙarangiya za ta mai da shi gidanta.

Hunturu ne lokacin da nake cewa a bai wa siket haƙƙinsa. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu iskar nan ta arewa maso gabas tana bin bakin zani ta buɗe shi, sanyin asuba ya bugi gwiwar da dama ciwo take. Siket rufaffe ne ta ko'ina, kuma yana karɓar kaya a ƙarƙashinsa: fatari, ko siririn dogon wando, da safa. Ki gwada ɗaura zani a kan wando mai santsi ki gani, ba ya minti goma. Iyayenmu na da sun san maganin abin, suna da zanin saƙi mai nauyi, wasu baƙi rinin Kura ko na marinar Ƙofar Mata, wanda iska ba ta ɗaga shi. In Inna tana da irinsa a ƙasan adaka, ki fito mata da shi, da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai nauyinsa ma yana son hannu mai ƙarfi wajen ɗauri. Wanda ba shi da saƙi yakan leƙa 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, akan samu dogayen siket masu kauri. Ki duba tsaga, yawancinsu an tsaga su a baya har gwiwa, sai an toshe.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. Hunturu lokacin jin ɗumi ne, tsohuwa ta ja kaskon wuta gabanta, ko ta zauna dab da murhu tana tura kara. Maƙwabciyata tartsatsi ɗaya ya faɗa mata a siket na gwanjo, kafin ta ankara ya huda kamar an ɗiga wa leda garwashi, ya manne mata a ƙauri. Allah ya taƙaita, amma tabon yana nan. Auduga ma tana ci da wuta, ba na ce ba ta ci ba, amma ba ta narkewa ta kama fata, kuma zani fizga ɗaya ake yi a yar. Siket sai an zare shi ta ƙafa ko ta kai. Saboda haka na zaman gida a sanyi ya zama auduga mai kauri, kuma kar a cika masa faɗi har bakinsa ya riƙa kwanciya a ƙasa kusa da wuta. Launi kuma mai duhu, don ƙura da man kaɗanyar da ake shafa wa kaushi ba sa raga wa fari.

Faɗin nan yana da wani haɗarin a kan babur. Mai siket ta fi sakewa in za a kai ta asibiti ko unguwa, ba ta riƙe zani da hannu ɗaya tana riƙe ƙarfe da ɗaya. Amma baki mai yawa yana shiga waya ko sarƙa. Yadi biyu zuwa biyu da rabi ya isa, ya sauko a miƙe da 'yar buɗewa kaɗan, yadda za ta yi cikakken taku ta kuma zauna ta naɗe ƙafa.

Akwai aikin da siket ba zai taɓa karɓa daga hannun zani ba. Da zani ake goya jika, a shimfiɗa a yi salla a gona, a ƙunshe tsaraba, a naɗa gammo, in ya tsufa ya koma tsumma. Ana kyautarsa ga kowa ba a tambayi awo ba. Kuma a haɓarsa Inna take ƙulle 'yan canjinta da ɓarin goro. In kika ba ta siket babu aljihu, kin ƙwace mata banki. Ki sa a yi mata mai zurfi a dama, wanda ƙaramar waya za ta shige ba ta faɗo ba in ta tsuguna.

Wajen ado kuwa, abin da ke sa siket ya yi wa babbar mace kyau shi ne kar ya yi ihu cewa shi siket ne. A yi shi da atamfa ɗaya da riga da ɗankwali. Rigar ta zama buba mai walwala, ta sauko ta rufe mazaunai, kar a soke ta a ciki. Ni har ƙarin falle nake ɗorawa a gaba, ya zo daga dama ya kwanta a hagu kamar bakin zani, a ɗinke shi daga sama. In ta yafa mayafi ko ta zura hijabi, wadda ke kusa da ita a gidan suna ba za ta gane ba. Akwai kuma ɗan tsakiya, zani mai igiya: zaninta ne dai, a kalmashe samansa daidai tsawonta, a sa masa igiya biyu. Wannan shi zan fara ba ta a bazara da kaka, tunda matsalarta ɗauri ce, ba zanin ba.

To ga yadda zan yi in ni ce ke. Zannuwanta uku ko huɗu a sa musu igiya. Siket biyu, ɗaya marar nauyi na damina da tafiya, ɗaya mai kauri na sanyi. A wanke yadin kafin a yanka, don auduga tana tsukewa in ta sha ruwa. Tela mace ta auna ta a zaune a kan tabarma, bayan ta ci abinci. In kin kai mata kuma, kar kalmar siket ta fito daga bakinki. Ki ce, “Inna, ga zani na sa an ɗinke miki bakinsa saboda iska.” Ki ajiye a kan gado ki fita tsakar gida, ki bar ta ta gwada ba idon kowa.