CoralRx da tsutsar da ta cinye mini murjani: abin da na gani cikin sati shida

Shekara uku ke nan ina kiwon murjanin teku mai rai a tankin gilashi a gidana da ke Fadaman Mada, nan Bauchi. Ruwan gishirin ni nake haɗa abina, sola kuma ke riƙe da famfo da na'urar sanyaya ruwa, don zafin Afrilu a garin nan ba ya barin tanki ya zauna a digiri 25 ko 26 da murjani ke so. Shi ya sa da na ga Acropora ɗina, wani nau'in murjani mai rassa, ya fara koɗewa daga gindi, zafi na fara zargi. Na yi kusan sati biyu ina awon gishiri ina canjin ruwa, komai daidai, amma farin sai hawa yake yi.

Wani dare na haska tocila na kafa ido sosai, sai ga ƙananan tabo zagayayyu a jikin reshe, kamar an diddiga kan ashana. Na ciro reshen na sa a farar roba, na fesa masa ruwan tanki da sirinji. 'Yata ce ta riga ni gani, ta ce, "Abba, ga wani abu yana tafiya." Wata 'yar tsutsa ce shimfiɗaɗɗiya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, launinta sak na murjanin. Masana na kiranta Prosthiostomum acroporae. Naman Acropora take ci, tana haɗiye har da ƙananan tsiran da ke ba shi launi, shi ne ya sa take sajewa da shi. Ba na shakka ta biyo wasu rassa ne da na saya aka aiko mini daga Legas, na kuwa jefa su tanki kai tsaye saboda ɗoki. Laifin nawa ne, kuma har yau abin na ci mini rai.

Maganin da na samo mata shi ne CoralRx, wanda ake tsoma murjani a ciki don raba shi da ƙwari. Shi ba a zuba shi cikin tanki. Ana ɗebo ruwan tankin ne a roba, a auna maganin yadda aka rubuta a kwalba, a tsoma murjanin minti biyar zuwa goma ana kaɗa ruwan, sannan a ɗauraye a wani ruwan daban. A tsomin farko na ga aikinsa da idona: tsutsotsin suka riƙa sakin jiki suna faɗowa, suna nannaɗewa a gindin robar. Murjanin ya fitar da yauƙi ya tsuke, washegari da safe ya buɗe abinsa. Ta wannan fuskar ya biya ni kuɗina, ko da yake kaya ne na Amurka, da dala ake lissafinsa.

Inda mutum zai yaudari kansa shi ne ƙwai. Maganin tsomi ba ya ratsa su, wannan kuwa haka yake ga sauran ire-irensa. Tsutsar tana manna su jere-jere a gindin murjani inda nama ya riga ya mutu, launin ruwan ƙasa, su ƙyanƙyashe cikin sati biyu zuwa uku, kuma ɗumin ruwa na ƙara musu sauri. Don haka na kwashe duk Acropora zuwa ƙaramin tanki, na bar babban babu abincinta ko reshe ɗaya. Kowace Asabar bayan sallar Asuba sai in zauna da madubin ƙara girma da reza da tsohon buroshin haƙori, in tsoma, in kankare. Gindin da ƙwai suka yi wa yawa, yanke shi nake yi in yar, in manna reshen a sabon mazauni. Reshe huɗu na rasa, ciki har da shuɗin da na fi ƙauna.

Daga sati na huɗu robar ta fara fitowa fes, amma sai da na cika shida. Yanzu nama ya fara rufe wuraren da na yanke. Zan sake sayen maganin, kuma duk sabon reshe da zai shigo gidan nan sai ya bi ta farar robar, ya yi zamansa a ƙaramin tanki tukuna.