Saita sensar totur ta babur: da mita ko da kwamfuta?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ya rubuto daga Daura ya ce babur ɗinsa mai injekta yana fizga idan ya ɗan murɗa totur, yana kuma mutuwa a silo. Wani bakanike ya ce zai saita masa sensar totur da mitar auna wuta, wani kuma ya ce sai an shigo da shi Katsina an jona masa kwamfuta, shi ne yake tambayar wanne ya fi.

Malam, sensar nan da ake kira TPS ba ta da wani aiki illa ta sanar da ƙwaƙwalwar inji iyakar buɗewar totur, domin a auna man da za a fesa da lokacin da filogi zai ba da wuta. Yawanci wayoyi uku gare ta: ɗaya tana kawo wuta bolt 5, ɗaya ta ƙasa ce, wato nagetif, ta ukun kuma ita ke mayar da saƙo. Idan totur yana rufe, saƙon yakan tsaya kusa da rabin bolt, idan an murɗe shi duka ya haura kusan bolt 4.5, amma ainihin lambar tana cikin littafin kamfanin da ya ƙera babur ɗin.

Mai aiki da mita yakan kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ya cusa siririyar allura ta bayan soket har ta taɓa wayar saƙo, sannan ya riƙa murɗa totur a hankali yana kallon lambar tana hawa. A nan mita ta yi wa kwamfuta fintinkau a ganina, domin cikin sensar akwai ɗan layi da wani ƙarfe ke gogawa, kuma wurin da ya fi cinyewa shi ne farkon buɗewa, inda hannun mai tuƙi ya fi daɗewa a cikin gari. Idan lambar ta hau, ta faɗi kwatsam, ta sake tashi, to sensar ta ci, babu saitin da zai gyara ta sai canji. Tsohuwar mita mai allura ma ta fi nuna wannan tsalle ƙarara. Idan kuwa hawan ya tafi sumul, farawar ce kawai ta kauce, sai a sassauta sukurori biyun, a ɗan juya sensar, a ɗaure, a sake aunawa, saboda ɗaurin kansa yakan gusar da ita.

Kwamfuta kuma tana nuna abin da ƙwaƙwalwar take gani ne, tana karanta lambar matsala, tana kuma goge ta. Akwai baburan da sensarsu a kafe take, ba ta da ramin juyawa, waɗannan mita ba za ta saita su ba sai an sa ƙwaƙwalwar ta sake koyon matsayin rufewa. Wasu manyan babura ma allonsu ya isa: a Suzuki da yawa, idan an sa allon a yanayin gwaji, ana ganin lambar C00 da ɗan layi a gabanta, wanda ake so ya tsaya a tsakiya, a Yamaha FZ6 kuma ana neman allon ya nuna 15 zuwa 17 idan totur yana rufe. Matsalar ita ce a nan Katsina Boxer da Jincheng masu kafireta suka cika gari, ba kowane gareji ke da na'urar da ta dace da naka ba.

Shawarata, kada ka ɗauko hanyar Katsina tukuna. A fara duba batir, a wanke maƙogwaron totur da matatar iska, domin ƙurar hunturu kaɗai tana kashe babur a silo, sannan a yi awon mita kafin kowa ya taɓa sukuru. Ka kuma tsaya a kan bakaniken kada ya murɗa ɗan sukurun da ke tokare totur, wanda kamfani kan ɗiga wa fenti, domin da shi ake auna matsayin rufewa. Ka turo mana sunan babur ɗin da lambobi biyun da mita ta nuna, a rufe da a buɗe.