Ƙamusun da ya raba mini zolaya da izgili a Turanci

Wata shida ke nan ina amfani da Oxford Advanced Learner's Dictionary a wayata, kuma wata kalma guda ce ta kai ni gare shi. Ina aiki da wata Baturiyar Ingila. Ran nan na tsokane ta a kan yawan shan shayinta, sai na ga kamar ta ɗaure fuska, na yi maza na rubuta mata “I was only mocking you”, nufina wasa nake yi. Ashe fami na yi. Kwana biyu gaisuwarmu ba ta wuce ta aiki ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Da na buɗe ƙamusun na ga inda gizo ke saƙa. Mock dariyar raini ce, wato izgili. Abin da ya kamata na ce shi ne teasing ko kidding. Taunt ya fi mock muni, neman ɓata wa mutum rai ne da gangan. Banter kuwa ita ce rahar da ake jifan juna da ita, kowa na ramawa, ba mai fushi, irin ta Fulani da Barebari ko Kanawa da Zage-zagi. Akwai kuma pull somebody's leg, wato ka shirya wa mutum ƙaryar wasa har ya hau, da wind up, wadda aka nuna cewa ta mutanen Birtaniya ce.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne 'yan alamomin da ke gaban kalma, masu gaya maka wannan ta hira ce, wannan ta barkwanci, wannan kuma tana iya zama cin fuska. Sai jimlolin misali. Su nake karantawa kafin ma'anar ma, don a nan ake jin zafin kalma ko sanyinta. Ba mamaki, A. S. Hornby da ya tsara shi malamin Turanci ne da ya daɗe yana koyarwa a Japan, kuma tun bugun Oxford na 1948 domin irinmu masu koyo aka yi shi.

Asalin tease ma ya burge ni: a tsohon Turanci tsefe ulu take nufi, kamar yadda kakata ke shiɓar auduga, ana ja a hankali ba a tsinka ba.

Wasan taubasai ne ban samo masa kalma ɗaya ba, don Turancin yau da kullum ba shi da ita; masana al'adu ne ke cewa joking relationship. Da muka shirya, sai da na yi wa abokiyar aikina dogon bayani a kan kuɗin shara da taubasai ke karɓa a watan Muharram. Yanzu ita ke fara tsokanata da safe.