Ajin turancin WhatsApp da na biya, ga yadda muka kwashe

Wata biyu ke nan da na shiga ajin nan na masu shirin JAMB, jarrabawar shiga jami'a. Abu ɗaya ya kai ni, jimlolin nan masu ƙafa biyu irin "not only... but also" da "no sooner... than", duk tambayoyin shekarun baya da na ɗauko sai na ci karo da su kuma sai sun kayar da ni. A sakandare haddacewa kawai aka ce mu yi.

Ranar da malam ya zo kansu, wallahi da saƙon murya ɗaya ya kwance min ƙullin da ya fi shekara uku yana cin raina. Ya ce in ka buɗe jimla da "not only" ko "no sooner" ko "hardly", to kalmomin da ke biye ka jera su kamar tambaya za ka yi, alamar tambayar ce kawai ba za ka sa ba. Yadda kake cewa "did he come late?" haka za ka ce "Not only did he come late, but he also forgot the key". Wato did ya sha gaban he, came kuma ya koma come tunda did ya ɗauke masa nauyin nuna cewa abin ya wuce. Ɓari na biyu ka ƙyale shi yadda yake kar ka juya shi. In kuma "not only" ɗin a tsakiya ya zauna, "He not only came late but also forgot the key", to babu wani juyi. Ni da nake ta rubuta "Not only he came late" ina jin kaina ɗan Ingila. A daren sai da na tashi ƙanwata daga barci na koya mata, tana ta tsaki.

Da nan aka tsaya da tauraro biyar zan ba su.

Asabar aka yi gwaji. Tambaya ta 7: "No sooner had we sat down ___ the light went off". Na sa than ina murmushi, don shi da bakinsa ya ce sooner abokin than ne, hardly da scarcely su ke tafiya da when. Amsoshi suka fito, wai when ne daidai, aka zaftare min maki. Na bi shi ta gefe cikin ladabi, na ce Malam barka da dare, Allah ya ƙara basira, ashe ba than ba ne a nan? Ya karanta, shiru. Na sake tambaya a guruf, ko minti goma ba a yi ba aka kulle guruf ɗin, masu ajin kaɗai ke iya magana. Bayan kwana biyu sai ga sabuwar takardar amsa an gyara an sa than, ko uffan ba wanda ya ce. To waɗanda suka riga suka kwafe when a littafinsu fa, wa zai gaya musu?

Kuskure kowa na yi, noƙewar ce ta ƙona min rai. Ga saƙonnin muryar da ke cinye data, wani rabinsa gaisuwa ce da tallan sabon aji. Darasin "neither... nor" da aka ce za a yi tun makon farko har yau muna jira, makina ma ba a mayar min ba.